MAGANI AMANA NE: KADA MU HUDA JIRGIN DA MUKE CIKI



Yabo da godiya su tabbata ga Allah, Wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana masu karatu, a wannan mako zan jingine bayanin da muka faro a kan hukunce-hukuncen ciniki, domin in yi magana a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai, ko da yake shi ma bai yi nisa da ciniki ba.

A watan jiya na tafi asibiti gaida 'yar wani tsohon ɗalibina, yarinya 'yar shekara shida. Zazzaɓi ne ya kama ta da ciwon ciki, uban ya yi abin da galibinmu muke yi, watau ya tafi kemis ya sayo kafso na kwana biyu. Jiki ya yi sanyi, aka ajiye magani. Bayan mako guda zazzaɓi ya komo, aka sayo wani iri, aka kuma kira mai allura ya yi mata biyu a gida. Da abin ya faskara aka kai ta asibiti. Can aka ɗebi jininta aka kai ɗakin gwaji, bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito cewa ƙwayar cutar da ke jikinta ba ta jin magungunan da aka saba bayarwa, sai wata allura mai tsada ƙwarai. Sai da uban ya sayar da babur ɗin da yake neman abinci da shi kafin a kammala mata allurar. Alhamdu lillahi, yarinya ta tashi. Amma likitar da ta duba ta ta gaya mini cewa akan kawo musu wanda za a yi wa irin wannan gwaji, a rasa maganin da zai yi aiki cikin duk waɗanda suke da su.

Na komo gida jikina a sanyaye, domin na tuna da wani gwangwani da ke kan kantar littattafaina. A cikinsa nake tara ragowar magungunan da aka rubuta wa iyalina. Sau nawa maƙwabci ya aiko cewa yaro ba lafiya, na buɗe gwangwanin nan na ƙirga kafso huɗu na bayar, ina zaton sadaka na yi! Ina neman gafarar Allah a kan haka. Tun daga ranar na shiga tambayar likitoci da karanta abin da masana suka rubuta, abin da na fahimta kuwa shi nake so in isar muku.

NI'IMAR DA MUKA MANTA

Wanda aka haifa a zamanin nan ba zai san girman wannan ni'ima ba sai an ba shi labari. Shekara 100 da suka wuce, ko a manyan biranen Turai, ƙaya takan soki mutum, wurin ya rure, cuta ta shiga jini, ya rasu. Zazzaɓin bayan haihuwa ya kashe mata masu yawa, ciwon huhu ya ɗebe yara da tsofaffi, likita na tsaye ba shi da abin yi.

A watan Satumba na 1928 wani likita mai suna Alekzanda Fleming, yana aiki a wani asibiti a birnin Landan, ya lura cewa fumfuna ta faɗa cikin faifan da yake rainon ƙwayoyin cuta, kuma duk ƙwayoyin da ke kusa da ita sun mutu. Daga wannan fumfuna aka sami maganin fenisilin. Ku dubi ikon Allah, jama'a! Abin da muke kankarewa daga jikin burodi mu yar, a cikin danginsa Ya ɓoye waraka. Sai a farkon shekarun 1940 wasu masana a Jami'ar Oksfod suka iya tace shi ya zama magani. A 1941 suka gwada shi a kan wani ɗan sanda da cuta ta ci jikinsa, ya fara samun sauƙi kamar an yi ruwa an ɗauke, amma maganin ya ƙare kafin cutar ta ƙare, ta komo, ya rasu. Bayan wannan aka yi ta gano ire-irensa, har da na tarin fuka. Su ne likitoci ke kira antibayotik, watau magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya. Da su ne ake yi wa mace aiki a ciro jariri ta tashi lafiya, da su ake ɗinke wanda ya yi hatsarin mota ba tare da ciwon ya ruɓe ba.

Abin lura shi ne, a 1945, sa'ad da aka ba Fleming lambar yabo ta Nobel, ya yi gargaɗi a cikin jawabinsa. Ya nuna tsoron zuwan lokacin da kowa zai iya sayen fenisilin a kanti, wanda bai sani ba ya sha ƙasa da ƙima, ya koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su jure masa. Shekara 80 ke nan da wannan gargaɗi, ga shi muna cikinsa tsundum.

YADDA CUTA KE BIJIRE WA MAGANI

Sau da yawa za ka ji mutum ya ce jikinsa ya saba da magani kaza, ba ya yi masa aiki. Wannan kuskure ne. Ƙwayar cutar ce ta saba, ita kuwa ba ta zama a jiki ɗaya.

Bakteriya halitta ce mai rai, ba a ganinta sai da madubin likita. Tana hayayyafa ne ta hanyar rabuwa gida biyu, wasu irinta cikin minti 20 idan sun sami wuri mai daɗi, har ƙwaya ɗaya da hantsi ta zama miliyoyi kafin la'asar. A cikin wannan taro akan sami 'yan kaɗan da suka fi sauran tauri. Manomi zai fi kowa gane misalin. Idan ya tsarma maganin ciyawa da ruwa fiye da ƙima don ya ishe shi, ciyawa mai rauni ta mutu, mai taurin kai ta rage, ta sami fili ita kaɗai ta zuba iri. Baɗi gonar duk irinta ce, feshi ba ya yi mata kome. Haka abin yake a jikin mutum idan ya sha magani ƙasa da ƙima, ko jabu, ko wanda bai dace da cutarsa ba.

Akwai abin da ya fi wannan ban tsoro. Masana sun tabbatar cewa ƙwayoyin bakteriya suna miƙa wa junansu wannan dabara ta jurewa, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Kuma a cikin hanjin kowane mai lafiya akwai bakteriya masu amfani da Allah Ya ajiye. Duk lokacin da mutum ya haɗiyi kafso, su ma yana shafarsu, masu jurewa su yawaita. Daga nan su fita ta bayan gida, su shiga ruwa da abinci da hannuwa, su isa ga wanda bai taɓa shan maganin ba. Saboda haka wanda ya sha antibayotik domin mura ya yi asara biyu. Mura ƙwayar bairus ce ke kawo ta, maganin bakteriya ba ya taɓa ta, ga shi kuma ya horar da ƙwayoyin da ke cikinsa a banza.

Mu da muka manyanta mun ga irin wannan da idonmu. Muna yara, kulorokwin shi ne sarkin maganin zazzaɓin cizon sauro, a sha a yi ta susa, kwana uku a miƙe. A hankali ya daina aiki, yara suka yi ta mutuwa, har wajen 2005 aka sauya shi a Nijeriya da magungunan da ake sha yanzu. Ƙwayar wannan zazzaɓi daban take da bakteriya, amma hanyar bijirewar ɗaya ce. Su ma sababbin, an fara ganin alamun juriya gare su a ƙasar Kambodiya, sa'an nan daga 2020 aka tabbatar da haka a Ruwanda, daga baya a Yuganda da Eritiriya.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A watan Janairu na 2022 mujallar likitoci ta Lancet da ke Ingila ta buga wani babban bincike da ya haɗa ƙasashe da yankuna 204. Ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma suna da hannu a mutuwar kusan mutum miliyan 5. Wannan adadi na farko ya fi na waɗanda ƙanjamau ta kashe a shekarar, ya kuma fi na zazzaɓin cizon sauro. Ɗaya cikin biyar na mamatan yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, da aka auna bisa yawan jama'a, yankin da ya fi ko'ina a duniya asarar rayuka shi ne Afirka ta Yamma, watau mu, da kimanin mutum 27 a cikin kowane 100,000.

A watan Satumba na 2024 masu wannan bincike suka sake fitar da ƙiyasi, cewa idan aka ci gaba a haka, mutum fiye da miliyan 39 na iya mutuwa ta wannan dalili tsakanin 2025 da 2050. Gaibu na Allah ne, amma mai hankali idan ya ga hadari ya haɗo yakan kwashe shanya. A wannan watan ne shugabannin duniya suka zauna a Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗauki alkawarin rage wannan mutuwa da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. A 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa a shekarar 2023, ɗaya cikin kowace cutar bakteriya shida da aka tabbatar a ɗakin gwaji ta bijire wa magani, a Afirka kuwa ɗaya cikin biyar.

Misalai suna da yawa. A ƙarshen 2016 wani irin zazzaɓin taifot ya ɓulla a lardin Sind na ƙasar Pakistan, wanda ya bijire wa kusan duk magungunan da aka saba ba mai taifot, ya kama dubban mutane, yawancinsu yara, har matafiya suka kai shi wasu ƙasashe. Tarin fuka mai bijire wa manyan magungunansa yana kama mutum kimanin 400,000 a kowace shekara. Ciwon sanyi ma, wanda a da allura ɗaya ke kashe shi, ya zama abin da ke wahalar da likitoci a ƙasashe da dama.

Masana ba su zauna ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani haɗin magani da ke warkar da tarin fuka mai taurin kai cikin wata shida, alhali a da sai an yi shekara ɗaya da rabi ko fiye. A 2025 aka amince a Amurka da sabon nau'in maganin ciwon mafitsara na sha, bayan an yi kusan shekara 30 ba a sami sabon nau'i ba. Sai dai ƙera sabon magani yakan ci shekara goma ko fiye da dukiya mai yawa, ita kuwa ƙwayar cuta 'yan shekaru sun ishe ta ta koyi jure masa. Muna ɓarnatarwa fiye da yadda ake samarwa.

MATSAYIN SHARI'A

Neman magani abu ne da Musulunci ya yi umurni da shi. Usamatu ɗan Sharik (R.A.) ya ruwaito cewa Larabawan ƙauye sun tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko su yi magani, ya umurce su da su yi, ya kuma sanar da su cewa tsufa ne kaɗai ba shi da magani. Amma akwai wani sharaɗi da muke tsallakewa. A hadisin Jabir (R.A.) da ke cikin Sahihu Muslim, an rataya waraka ne a kan magani ya dace da cutar, sa'an nan a warke da izinin Allah. Wa ya san wannan dacewa? Mai talla a tasha, ko ni da gwangwanina?

Har ila yau akwai hadisin mutumin da ya zo yana kukan cewa cikin ɗan'uwansa ya ɓaci, Manzon Allah (S.A.W.) ya ce a ba shi zuma. Ya koma ya dawo ya ce abin ya ƙaru, aka sake umurtarsa, har sau uku ko huɗu, sa'an nan ya warke. Ibnul Ƙayyim, Allah Ya ji ƙansa, ya ciro daga wannan cewa kowane magani yana da gwargwado daidai da cutar, idan ya gaza ba zai kawar da ita ba, idan ya zarce sai ya jawo wata cutar. Malamin nan ya rasu fiye da shekara 500 kafin a san fenisilin, amma abin da ya faɗa shi likitoci ke faɗa a yau.

To, wani zai ce, jikina ne, kuɗina ne, in na sha ba daidai ba ni na jiyo. A nan ne hadisin jirgin ruwa ya shigo, wanda Buhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir (R.A.). Manzon Allah (S.A.W.) ya buga misali da mutanen da suka yi ƙuri'a a kan wuraren zama a jirgi, wasu suka sami sama wasu ƙasa. Na ƙasa suka gaji da hawa sama ɗebo ruwa, suka yi shawarar su huda rabonsu don kada su dami kowa. Idan na sama suka ƙyale su, kowa ya halaka, idan suka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Ku lura, na ƙasan nan ba mugunta suka nufa ba, sauƙi suke nema, kuma a rabonsu za su yi hujin. Ƙarfin waɗannan magunguna jirgi ne da mutanen duniya duka ke ciki, har da jikokinmu da ba a haifa ba. Duk kafson da aka haɗiya ba bisa ƙa'ida ba huji ne, ruwan kuwa ba ya tambayar wanda ya huda. Yarinyar ɗalibina tana iya yiwuwa ta ɗauki ƙwayar da aka horar a cikin wani mutum da ba ta taɓa gani ba.

Malamai sun gina babbar ƙa'ida a kan hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, shi ne kuma na 32 a Arba'una Hadisi da yaranmu ke haddacewa. Abin da yake halal a asalinsa yakan zama abin hani idan ya tabbata yana cutar da jama'a. Kuma Allah Ya hana almubazzaranci a Suratul A'araf ko a ci da sha, balle a abin da rayuka suka rataya a kansa. A Suratu Ibrahim Ya yi alkawarin ƙari ga mai godiya, Ya yi gargaɗin azaba ga mai butulci. Godiyar ni'ima ita ce a sa ta inda ya dace.

UZURIN TALAKA

Na san za a ce, Malam, kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba. Asibiti ya yi nisa, kati da kuɗi, gwaji da kuɗi, layi tun asuba, mutum kuwa abin da ke aljihunsa na kafso huɗu ne. Wannan gaskiya ne, kuma masu bincike da kansu sun yarda cewa rashin samun magani na ƙwarai yana kashe ɗimbin talakawa. An yi wani gwaji a Nijar da Malawi da Tanzaniya, aka buga sakamakonsa a 2018, inda aka riƙa ba ƙananan yara wani antibayotik mai suna azitiromaisin sau biyu a shekara. A Nijar mutuwar yara ta ragu da kimanin kashi 18 cikin 100. Amma an kuma ga ƙwayoyi masu jure wa maganin sun ƙaru a garuruwan da aka raba shi. Saboda haka masana suka zauna suna auna amfani da ɓarna, suna iyakance inda za a yi hakan da yadda za a sa ido, kamar dai yadda malaman fiƙihu ke auna maslaha da mafsada.

Darasin da ke ciki shi ne, ba a ce a guji magani ba. Wanda cutar bakteriya ta kama, jinkirin ba shi magani na iya kashe shi. Abin da ake nema shi ne mai sani ya yi awon. Uzurin talaka kuwa yana rage masa laifi, amma yana ɗora nauyin a kan hukuma da masu hali.

NASIHA GA KOWANE RUKUNI

Na farko, mara lafiya da iyayen yara. Allah Ya umurce mu a Suratun Nahli mu tambayi ma'abota sani idan ba mu sani ba. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani sahabi da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba, abokan tafiyarsa suka ce ba shi da sauƙin yin taimama, ya yi wanka ya mutu. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya nuna cewa tambaya ita ce maganin rashin sani. Kada ka sha antibayotik sai ma'aikacin lafiya ya rubuta. Idan ya rubuta, ka sha yadda ya ce, a kan lokaci, na kwanakin da ya ce. Kada ka ba wani ragowarka. Kada ka matsa wa likita sai ya yi maka allura. Yawancin gudawar yara abin da take bukata shi ne ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, sai in da jini ko likita ya ga wata alama.

Na biyu, masu kemis da masu tallar magani. Neman halal ibada ne, amma ku ji tsoron Allah. An ruwaito a Sunan Abu Dawuda da Nasa'i cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin likitanci ba, shi zai ɗauki lamunin ɓarnar da ta auku. Wanda ya tsinka kati ya sayar da kafso biyu don kada ciniki ya wuce shi, ya san abin da ya sayar ba zai warkar ba. Wanda ya jera magani a faranti yana yawo da shi cikin rana, zafi na rage masa ƙarfi. Mai sayar da jabu kuwa ya haɗa ha'inci da kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. Manzon Allah (S.A.W.) ya barranta daga mai algus a kan hatsin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa, ina ga wanda ya cika kafso da gari?

Na uku, likitoci da malaman asibiti. Alƙalaminku amana ne. Kada kunyar mara lafiya ko ribar kantin magani ta sa ku rubuta abin da kuka san ba a bukata, ko ku fara da babban magani alhali ƙarami zai wadatar.

Na huɗu, masu kiwon kaji da dabbobi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa fiye da rabin antibayotik da ake sayarwa a duniya dabbobi ake ba, da yawa kuma don su yi saurin girma. Tarayyar Turai ta hana ba da shi don ƙiba tun 2006. Ku nemi likitan dabbobi, ku kiyaye kwanakin da aka ce a jira bayan magani kafin a sayar da ƙwai ko nono ko nama. Wanda ya sayar kafin lokacin ya ɓoye aibin hajarsa.

Na biyar, hukuma da masu dukiya. A shekara ta 319 bayan Hijira, watau 931, labari ya kai wa Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani ya mutu saboda kuskuren mai magani, ya hana kowa yin likitanci sai babban likitansa Sinanu ɗan Sabit ya jarraba shi. A garuruwan Musulunci na da, duba masu haɗa magunguna yana cikin aikin muhtasibi. Sa ido a kan magani gadonmu ne. Masu hali kuma, da kuna gina masallaci na uku a unguwa ɗaya, ku tuna da ɗakin gwajin asibitin garinku, da rijiyar burtsatse, da majinyacin da aka rubuta wa maganin kwana bakwai yana da kuɗin na biyu. Cika masa sauran biyar ɗin sadaka ce gare shi da al'umma duka.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Hanya mafi sauƙi ta tsare magani ita ce a rage bukatarsa. Addininmu ya sanya tsarki rabin imani, ya hana bawali a ruwan da ba ya gudu, ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai bayan gida a kan hanya ko inuwa ko mashayar jama'a, ya umurci wanda ya tashi daga barci ya wanke hannunsa kafin ya tsoma shi a ƙwarya. Taifot da kwalara da gudawa ta ƙazantar ruwa da hannu suke yaɗuwa. Mu wanke hannu da sabulu bayan kewayawa da kafin cin abinci, mu nisanta masai daga rijiya, mu tafasa ruwan da muke shakka. Mu kai yara allurar rigakafi, domin yaron da bai kamu da ciwon huhu ko ƙyanda ba, ba ya bukatar kafso. Pakistan ma da rigakafin taifot ta tari annobarta, ta sa shi cikin alluran yara tun 2019.

Allah ne Mai warkarwa, babu shakka. Shi ne kuma Ya sanya sababi, Ya ba mu amanarsa, zai tambaye mu yadda muka yi da shi. Ni dai na kwashe abin da ke cikin gwangwanina na kai wa malamin asibitin unguwarmu ya san yadda zai yi da shi. Ina roƙon kowane mai gida ya duba nasa a daren yau, limamai kuma su taimaka da faɗakarwa a kan mumbari.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, Ya sa mu zama masu riƙon amana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu koma kan hukunce-hukuncen ciniki.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.